Kyalla Ba Ta San Ƙarya Ba: Shafi na 17

Ya taka, jama'a, wallahi ya taka! Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ga mutum ya saki kujera ya nufo ni, hannuwa sama, yana dariya da haƙoran nan nashi biyu. Ziyad ɗina fa nika faɗa muku. Na yar da rariya, gari ya watse, ko a jikina. Na kira babanshi bai ɗauka ba, na kira Innata ta rangaɗa mani guɗa cikin kunne, to yanzu ku nika gaya ma. Masu aiko mani da "Maman Ziyad ina shafinmu, ko kin mance da mu", ga wanda ya riƙe ni nan. Ku sa mashi albarka, ga naku.

Wanda yau ya fara biyo mu, ga inda anka kwana. Malam Jumare tsohon dillalin shanu ne a Tambuwal. Da yanar ido ta rufe mashi gani, sai ya ɗora babban ɗanshi Rufa'i kan dillanci, ƙaramin kuma, Kamilu, ya tura shi Fakku kiwon garken gida. Su ko sunka yi musanya a ɓoye. Rufa'i ya ce ya tafi bin kasuwanni, sai ya zarce Fakku ya miƙa ma Kamilu babur, shi ya karɓi sanda. Ba wanda sunka gaya ma sai Ni'imatu matar Rufa'i. To an yi ma tsoho aiki, ido ya buɗe.

Tun cikin motar zuwa Fakku Ni'imatu ta san yau akwai magana.

Baba Jumare na gaba kusa da direba, da baƙin tabarau ɗin da likita ya ba shi, sai waige yake kamar yaron da anka fara kai birni. Ya ga an girbe dawa, ya yaba. Ya ga jaki da mangala, ya yaba. Har wata tsohuwar kuka ya gaida a bakin hanya, ya ce ashe tana nan da ranta.

A cinyarshi kuwa igiyar nan ce a naɗe.

Igiyar dillanci ce da ya gada wurin babanshi, ta sha hannu har ta yi baƙi tana sheƙi. A gidansu babban ɗa ake miƙa ma ita gaban dillalai, ranar da uba ya aje kasuwa. Jiya ya ce kasuwa mai zuwa zai miƙa ta. Tun da ya faɗi haka Rufa'i bai ci abin kirki ba.

Ni'imatu ta gyara ma ɗiyarta Anisa hula, ta saci kallon mijinta. Ya jingina kai da gilashi, hannu dafe da ciki. Ciwon cikin nan da kasuwa ke sa mashi ya dawo.

Inna Kulu matar Baba, da ke gefenta, ta tambaye ta ko lafiya take ta ajiyar zuciya. Ta ce gargadar hanya ce.

Tafiyar ma saboda Anisa aka yi ta. Al'adar gidan ce kaka ya ba jika karsana ranar suna. An yi sunan yana cikin makanta, ya ce shi ba ya ba amaryarshi sadaki da lalube, a jira sai ya gani da idonshi.

Da hantsi sunka isa. Garken na cikin gonar gida ta bayan gari, suna cin kara.

Kamilu ya tarbo su da gudu. Jiya Rufa'i ya buga mashi waya, ya baro kasuwar Dogon Daji ba shiri. Ya kifa malfa, ya gitta sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa bisa kamar wanda anka haifa cikin garke. Sai dai takalmin ƙafarshi na kasuwa ne, sai ƙyalli yake.

Da ya zo karɓar jakarta, Ni'imatu ta kalli takalmin ta kalle shi.

"Makiyayi, ko shanun ke goge maka?"

"Matar Yaya, ki rufa mani asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Addu'a nika so, ba tsiya ba."

"Bakinka ya fisshe ka. Shi ke fisshe ka kullum."

Baba Jumare bai ko zauna ba. Ya cire tabarau ya shiga cikin shanu, Inna na ce mashi ya yi hankali da rana. Ya shafa wuyan wannan, ya ɗaga wutsiyar waccan yana neman kaska, bai samu ko ɗaya ba. Ya duba kofato. Ya danna haƙarƙari bai ji ƙashi ba. Ya ce rabon da ya ga garken ga haka tun yana da ƙarfin bin su da kanshi.

"Allah shi yi maka albarka, Kamilu."

Kamilu ya ce amin, muryar ba ƙarfi.

Ni'imatu ta zauna kan tabarma gindin wata ƙirya, ta sauke Anisa a cinya. Daga nan tana hango Rufa'i can baya, ya harɗe hannu. Albarkar da ya yi wa wahala ce ke tafiya wurin wani, amma ko a fuskarshi. Idonshi na kan shanun, kuma hannun nan ya bar ciki.

Ita ta san yadda ya yi watannin farko na dillanci. Tun jajibirin kasuwa yake fara shan jiƙon kanwa. Ya dawo da yamma kamar an yi mashi duka, ya shige ɗaki, ko kukan kaza ba ya so. Ta taɓa tambayarshi mi ke wahalar da shi haka, tunda ba kaya yake ɗauka ba. Ya ce mutane ne. Kowa na magana lokaci guda, kowa na jan rigarshi, kuma dole ya yi dariya da wanda bai ba shi dariya ba.

Tun da sunka yi musanyar nan ta fara jin yana waƙa a banɗaki. Mutumin da ko gaisuwa sai an jawo ta daga bakinshi.

Baba ya nuna wata jar saniya ya tambayi Kamilu cikinta wata nawa.

Kamilu ya gyara tsayuwa. Ya ce ai wannan saniya ce ta gaban kwatance, a dubi ƙirji, a dubi tozo, a dubi yadda take taku kamar matar hakimi. Ya ce ko Kudu anka kai ta sai an yi layi.

Baba ya yi murmushi.

"Cikinta nika tambaya, kana yi mani tallarta."

Inna Kulu ta ja gyale ta rufe baki.

Tsoho bai ja zancen ba. Ya warware igiyar hannunshi, ya ce karsanar da zai ba Anisa ɗiyar Kyalla ce, tun yana kwance ya ƙudurta haka. Kyalla kuwa ita ce uwar garke, tsohuwar saniya mai farin goshi. Inda ta sa gaba nan sauran ke bi. Halinta guda, ba ta amsa kiran kowa sai na wanda ke wuni da ita.

Tana can ƙarshen gona, ɗiyarta a gefe.

"Kira mani ita."

Kamilu ya kalli yayanshi. Rufa'i ya kalli ƙasa.

"Mi kaka jira?"

Kamilu ya cika ƙirji ya ƙwala kira. Murya ce ta kasuwa, har tsuntsaye sunka tashi daga kan ƙirya.

Kyalla ta ɗaga kai. Ta dube shi. Ta mayar da kai ga karanta.

Ya sake kira, wannan karon da lallashi. Ya kira ta hajiya, ya kira ta uwar gida, ya yi mata alkawarin dussa da kanwa. Ta kaɗa wutsiya ta juya mashi baya.

Ya ce yau ƙuda ya dame ta ne, bari ya je ya koro ta.

Ya nufe ta da sauri yana kaɗa sanda. Kyalla ta girgiza ƙaho ta ja gefe. Wani ɗan maraƙi da ke bayanta ya firgita da sandar, ya zabura, ya miƙo sak wurin ƙirya, inda Ni'imatu ke zaune da yarinya a cinya.

Ni'imatu ta rungume Anisa, ta kasa tashi.

Sai ta ji wani sauti daga bayanta. Ba kira ba ne sosai. Ɗan gunji ne daga maƙogwaro, sannan Rufa'i ya kaɗa harshe, ya ce a hankali, "Kyalla. Taho."

Maraƙin ya ja birki kamar an riƙe shi da igiya.

Kyalla ta juyo. Ta taho tana taku ba gaggawa, ɗiyarta a baya, sauran garken sunka bar kara sunka biyo. Ta wuce Kamilu. Ta wuce Baba Jumare da ya raine ta tun tana maraƙa. Ta zo ta cusa hanci cikin aljihun Rufa'i, inda ta saba samun ɗan gutsuren kanwa.

Rufa'i ya tsaya kamar an dasa shi. Hannunshi dai, da ya riga ya saba, ya hau sosa mata bayan kunne.

Anisa kuwa sai miƙa hannu take tana gwalantu wai ita saniya.

Baba ya naɗe igiyarshi, ya zo ya zauna bakin tabarma. Ya ce su duka su zauna.

Bai taɓa kiran sunan Rufa'i ba, kunyar ɗan fari. Babba yake ce mashi.

"Babba. Tun yaushe?"

Kamilu ya karɓe. Ya ce laifin nashi ne, shi ya kawo shawara, kuma in an duba da kyau ba a yi asara ba, hasali ma...

"Ba da kai nika ba."

Kamilu ya haɗiye sauran.

Rufa'i ya daɗe yana murza wani kara a hannu. Ni'imatu ta san shi, in ba a katse shi ba zai yi magana, in an katse shi kuma shi ke nan sai wata shekara. A ranta tana roƙon kar kowa ya yi tari.

"Tun farkon damina, Baba."

"Kasuwa ta kore ka?"

"A'a. Ni ne ban iya ta ba. In mutum ya ɗaga murya kaina, sai in ji gara in ba shi saniyar ya tafi in huta. Ka san dillali ba ya haka. Nan kuwa sai in wuni ban ce uffan ba, kuma in dawo ban gaji ba."

Baba ya juya ga Kamilu, ya ce to yanzu da shi yake.

Kamilu ya ce shi daji kashe shi zai yi. Ya ce ya yi wa shanu hira har sun gaji da shi, ya yi wa ƙirya hira, wata rana ya tsinci kanshi yana ciniki da gara a bakin shuri. In ya hango mai babur daga nesa sai ya bar garke ya tare shi, don dai ya ji muryar mutum. Amma ranar da ya fara tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya riƙe hannun wannan ya riƙe na wancan, sai ya ji kamar an cire mashi takalmin da ya matse shi.

Tsoho ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi Ni'imatu.

"Ke kuma uwar amaryata, da ke anka haɗa baki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce da ita.

"Mi yas sa?"

Ta so ta ce biyayyar miji ce, ta san za a karɓa. Amma ba ita ce gaskiyar ba.

"Baba, ni ke tuƙa tuwo, ni ke ɗauke kwano. Lokacin da yake kasuwa, yadda na aje haka nika ɗaukewa. Tun da ya koma wurin shanu, har ƙari yake nema. Ban iya cewa ya koma ga yunwa ba."

Inna Kulu ta ce, "Uhm." Ita ke nan, amma Ni'imatu ta ji kamar an dafa mata kafaɗa.

Baba ya mayar da tabarau ɗinshi. Ya ce yanar ta kama mashi ido ne, ba ta kama kunne ba. Shekarunshi nawa yana dillanci, bai taɓa dawowa kasuwa da murya ba, sai a dishe. Amma Babba zai shigo gaishe shi wai daga bin kasuwanni, murya garau kamar wanda ya kwana hutawa, riga na warin hayaƙin garke da nono. Kamilu kuma in ya bugo waya wai daga daji, murya a shaƙe, ana jin ƙahon mota a bayanshi.

"Wane daji na ka dishe murya? Wane daji na ka da kwandasta?"

Kamilu ya sosa ƙeya.

Baba ya ce abokan sana'arshi na zuwa duba shi, suna cewa ɗanka ya gaje ka Jumare, bakinshi kamar zuma. Shi kuwa ya san a cikin ɗiyanshi wa ke da zuma a baki, wa ke da ƙulli.

"To Baba, ka sani ka yi shiru?" in ji Kamilu.

"Jira nika ku zo ku faɗa mani." Muryarshi ta yi ƙasa. "Musanyar ba ta ci mani rai ba. Abin da yac ci mani rai, na zama tsohon da aka ɓoye ma magana cikin gidanshi."

Rufa'i ya matso ya durƙusa. Bai iya dogon ban haƙuri ba. Ya ce, "Ka yafe muna, Baba," ya kama ƙafarshi ya riƙe. Kamilu ma ya durƙusa, ya fara jero nashi, Inna ta ce ya bar na yayanshi ya isa.

Tsoho ya daɗe yana kallon shanu. Ya ce shi ma ba da mugunta ya raba su haka ba. Ya zaci kasuwa za ta buɗe bakin babban, daji kuma ya rufe na ƙaramin, kowa ya samu abin da ya rasa.

Inna Kulu ta ce ai ta faɗa mashi tun suna goye. Babba in ta aje shi bakin murhu ta tafi rijiya, nan za ta iske shi yana kallon tururuwa. Wancan kuwa tun yana rarrafe maƙwabta ke dawo da shi.

"Kai dai ka ce babba shi ka riƙon igiya, don haka kat taras."

"Haka nit taras," ya ce. "Kuma dillalai na jiran su gani."

Ni'imatu ta ga hannun Rufa'i ya fara komawa ciki.

Baba ya miƙa mashi igiyar.

Rufa'i ya dube ta, bai ɗaga hannu ba.

"Karɓi mana. Kamo mani ɗiyar Kyalla, amaryata ta gaji da jira."

Ya tashi ya karɓa. Ko jifa bai yi ba, ya dai tsaya kusa da karsanar yana yi mata magana cikin kunne, ya zura mata igiya a wuya, ya jawo ta har bakin tabarma. Ja ce mai farin goshi irin na uwarta.

Baba ya ɗauki Anisa, ya kama ɗan hannunta ya ɗora bisa goshin karsanar. Ya ce ga sadaki nan ya biya, kar wani yaro ya zo mashi da zancen banza nan gaba. Ya yi addu'a Allah ya sa ta zama garke, anka shafa.

Sannan ya miƙa hannu ya zare sandar da ke gefen Kamilu. Ya auna ta, ya ce ko daɗin riƙo ba a koya mata ba. Ya miƙa ma Rufa'i.

"Shanu sun riga ni zaɓe, ba ni jayayya da su. Riƙe, Babba. Allah shi yi albarka, wadda na sa ma Kamilu ɗazu ma taka ta."

Rufa'i ya karɓa da hannu biyu. Ni'imatu ce ta ga yadda kafaɗunshi sunka sauka, ta kau da kai tana gyara goyon da ba ta yi ba, don kar surukai su ga idonta.

Baba ya kwance igiyar daga wuyan karsana, ya shiga naɗe ta a hankali.

Kamilu ya goge tafin hannunshi a riga. Ya gyara durƙuso. Har ya fara miƙo hannu.

Tsoho ya sa igiyar cikin aljihu.

"Ita wagga ba saniya ka ba da shaidarta ba. Ni ka ba da ita."

Ya nuna can tsakiyar garke, inda wani baƙin bijimi ke tsaye shi kaɗai. Duna ke nan. Mahauta sun taya, fatake sun taya, har wani alhaji ya taɓa biyo shi gida da mota. Kowa amsa guda ya samu, albarka.

"Kasuwa mai zuwa ka kai Duna. Ni za ni zauna matsayin mai shi, gaban dillalai duka. Ka samo mai saye, ka tsaya tsakaninmu. In ka iya sa bakin ga nawa yac ce na sallama, igiya taka ta."

"In kuma ban iya ba, Baba?"

"Sai ka dawo nan ka riƙa ɗaukar ma yayanka gora."

Kamilu ya dubi Duna. Ya dubi babanshi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ko kalma ba ta fito ba.

Inna Kulu ta karɓi jikarta tana jijjigawa.

"To Malam," ta ce, "yau dai daji ya rufe mashi baki."

Wayyo, mai tafiya ya farka, ga shi can ya kama ƙafar gado zai sake gwadawa, kuma garin nan na ƙasa ban kwashe ba. Don Allah kar shafin ga ya tsaya wayarku. Ku tura ma ƙawayenku, ku tura zauren danginku, musamman gidan da kunka san an ba mai shiru kasuwa an ba mai surutu daji. Wadda mamanta ba ta karatu, ta zauna ta karanta mata.

Taku, Hauwa'u Maman Ziyad, daga Tambuwal.